Yadda ake kama matsalar manhajar da ƙirgen lokacinta ke haukacewa duk sanda kwamfuta ta saita agogonta

Wata safiyar Asabar aka kira ni wata cibiyar koyon kwamfuta nan Gusau inda yara ke atisayen jarrabawa, ina isa na tarar da su sun yi cirko-cirko a baranda, wata yarinya har da hawaye. Minti 40 aka ba su, ba su ci minti 12 ba allon kowa ya nuna lokaci ya ƙare, ya tura amsoshi da kansa. Mai wurin ya tare ni tun daga ƙofa, "Malam, mi ya faru haka? wallahi jiya lafiya lau muka tashi, ba wanda ya taɓa komai." Kuma gaskiyarsa, ba wanda ya taɓa komai. Batirin agogon sabar ne ya mutu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jarrabawar, da aka tada janareta da safe sai Ubuntu ta ɗauko lokacin ƙarshe da ta ajiye jiya da yamma ta ci gaba daga nan, modem kuma bai kama sabis ba sai da yara suka fara, yana kamawa agogo ya yi tsallen kusan awa 15 gaba, manhajar ta duba ta ga ai wa'adi ya wuce tuntuni.

Na yi irin wannan aikin ban san adadi ba, shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki saboda ƙannenmu da suka fara rubuta kod ko kula da kwamfutocin ofis.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara. Cikin kowace kwamfuta agogo biyu ne. Akwai agogon bango, wanda ke gaya maka yau ranar kaza ƙarfe kaza, shi wannan ana iya tura shi gaba ko a ja shi baya, kai ma kana iyawa, NTP ma, wato tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta ta intanet, yana yi. Akwai kuma wanda nake kira agogon tsere, irin na alƙalin wasa, bai san ranar ba bai san ƙarfe nawa ba, ƙirge kawai yake tun sanda aka kunna injin kuma ba ya komawa baya. A Linux sunan na farko CLOCK_REALTIME, na biyu CLOCK_MONOTONIC. Kusan duk rikicin nan daga wuri ɗaya yake, an auna tsawon jira da agogon bango.

Kayan aiki

Izinin admin a kan injin, ko sudo idan Linux ne. Kod ɗin manhajar in kana da shi, in babu akwai dabara a mataki na 4. Wata kwamfutar gwaji daban ko injin VirtualBox, wannan dole ne, kar ka ce za ka gwada a kan wadda ake aiki da ita. Python a kan injin saboda ɗan kod da za mu sa ya yi gadi. Batir CR2032 sabo guda ɗaya ko biyu, irin mai kama da kwabon nan, da sukundireba da mitar auna wuta. Wayarka mai sabis don kwatanta lokaci. Sai littafi da biro, ka rubuta ƙarfe nawa abin ya faru kowane karo, wannan littafin yakan fi komai amfani.

1. Fara da tambayar mutanen wurin

Kar ka buɗe kod tukuna. Tambayi wanda ke zaune gaban injin kullum, yaushe abin ke faruwa? In ya ce da safe bayan an kunna, ko bayan an dawo da wuta, ko daidai sanda sabis ya dawo, ko bayan an buɗe laftof daga barci, toh ka fara zargin agogo. Sannan ka tambayi kalar matsalar domin iri biyu ce. In komai ya katse lokaci guda, an fitar da kowa daga shafinsa, haɗi ya yanke, jarrabawa ta rufe, wannan tsallen gaba ne. In kuma manhajar ta sandare tana jira ba ta ce komai ba, ba ta mutu ba ba ta motsa ba, sai can ta farfaɗo da kanta, wannan tsallen baya ne, kuma shi ya fi wahalar kamawa saboda ba ya barin wani saƙon kuskure, mutane sukan ɗora wa netwok laifi su kashe su kunna a wuce wurin.

In aka ce maka jiran awa ɗaya ne cif, duba ko injin yana da Windows da Linux duka biyu. Windows tana rubuta lokacin gida cikin agogon allon injin, Linux kuma tana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, mu kuma a Najeriya muna gaban UTC da awa 1. Ka fito daga Windows ka shiga Linux za ka ga agogo ya yi gaba da awa ɗaya, da ya samu intanet sai ya ja baya. Na taɓa samun wannan a wani shagon magani a Ƙaura Namoda, manhajar da ke tura rasit tana cewa za ta sake gwadawa bayan daƙiƙa 30 sai ta kwashe awa guda da daƙiƙa 30.

2. Nemo shaidar cewa agogo ya yi tsalle

Zato ba ya isa, sai ka gani a rubuce. A Linux fara da timedatectl, zai nuna maka ko agogon ya daidaita da kuma ko NTP na aiki. In chrony ne a injin, wato ɗaya daga cikin manhajojin da ke aikin NTP a Linux, buga chronyc tracking ka ga tazarar da ke tsakaninku da lokacin gaskiya, sai chronyc sources ka ga sabobin da yake tambaya. Daga nan ka shiga log:

journalctl -b -o short-monotonic

Amfanin wannan salon shi ne yana jera layukan da agogon tsere, don haka ko agogon bango ya yi ta tsalle jerin ba zai hargitse ba. Chrony yakan rubuta "System clock was stepped by" tare da yawan daƙiƙun, ka nemi wannan layin, sannan ka duba ko kuskuren manhajarka na biye da shi. In suna manne da juna ka kama ɓarawon.

A Windows kuma w32tm /query /status zai gaya maka inda take ɗaukar lokaci da sanda ta yi daidaitawar ƙarshe. Buɗe Event Viewer, sashen System, ka tace da Kernel-General lamba 1, nan ake rubuta tsohon lokaci da sabo duk sanda aka canza agogo.

In log bai nuna komai ba ko an goge shi, sa wannan ɗan mai gadin ya kwana yana aiki:

import time
a = time.time() - time.monotonic()
while True:
    time.sleep(1)
    b = time.time() - time.monotonic()
    if abs(b - a) > 0.5:
        print(time.ctime(), "tsalle:", round(b - a, 2), flush=True)
    a = b

Abin da yake yi kawai shi ne duk daƙiƙa yana kwatanta agogon biyu, in tazararsu ta canza da fiye da rabin daƙiƙa sai ya rubuta. Lamba mai alamar ɗebewa (-) a gaba tsallen baya ne. Amma ka kula, a Linux agogon tsere yana tsayawa idan injin ya yi barci, don haka in ka rufe murfin laftof ka buɗe zai nuna maka kamar tsalle, kar wannan ya ruɗe ka.

3. Gane wa ke taɓa agogon, kuma ta yaya

NTP tsohuwar hanya ce, David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar da ita tun 1985, tana bi ta ƙofar UDP 123. Gyaran agogo iri biyu take yi, ko ta yi tsalle gaba ɗaya, ko ta lallaɓa, wato ta ɗan ƙara wa agogon sauri ko ta rage har ya cimma daidai. Tsohon ntpd, manhajar NTP ta asali, yana tsalle idan tazara ta haura milisakan 128, ƙasa da haka lallaɓawa yake, kuma lallaɓawarsa ba ta wuce rabin milisakan a kowace daƙiƙa, kenan gyaran daƙiƙa 1 tak zai ci daƙiƙa 2000, sama da rabin awa. In tazarar ta wuce daƙiƙa 1000 ma fita yake ya bar ka, sai dai in an tada shi da -g. Windows da ba ta cikin domen, wato ba ta ƙarƙashin sabar ofis mai kula da shigar ma'aikata, ita ma tana da iyaka, in kuskuren ya wuce awa 15 ba za ta gyara da kanta ba, shi ya sa za ka ga injin da batirinsa ya mutu yana kan intanet amma yana nan a shekarar da ta wuce.

Babban kuskuren da nake yawan tararwa shi ne masu saita agogo biyu a inji ɗaya. Wani ya sa chrony, wani ya zo ya sa ntpdate, mai saita agogo da tsalle ɗaya, cikin cron, mai tada ayyuka a kan lokaci, duk awa, ko VirtualBox na tura lokacin uwar injin a gefe guda NTP na ja a gefe guda. Kowa na gyara na ɗan'uwansa, agogo ya yi ta rawa. Duba crontab ɗin root, duba systemctl, ka bar guda ɗaya kawai. In kuma manhajar cikin Docker take, kar ka ɓata lokaci a ciki, agogon uwar injin take amfani da shi, can za ka je.

4. Nemo wurin a cikin kod

Yanzu ka buɗe kod ka nemo duk inda aka ɗauki lokacin yanzu aka ƙara masa wani abu, ko aka ɗebe lokaci biyu. grep ya ishe ka. A Python nemi time.time() da datetime.now(), a Java System.currentTimeMillis(), a JavaScript Date.now(), a C# DateTime.Now, a PHP time() da microtime(). Ba duka ne laifi ba, wanda ke rubuta ranar rasit daidai yake. Wanda kake nema shi ne mai kama da wannan:

karshe = time.time() + 40*60
while time.time() < karshe:

Kar ka tsaya kan kod ɗinka kaɗai, wani lokacin ɓarnar na cikin abin da ka ɗauko. java.util.Timer da agogon bango yake aiki, ScheduledExecutorService kuma da na tsere. A C, pthread_cond_timedwait da sem_timedwait in ba ka ce komai ba agogon bango suke bi, mutane da yawa ba su san wannan ba.

In ba ka da kod ɗin, sayen manhajar aka yi, toh strace, mai nuna kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa Linux, zai iya ɗan taimakawa, ka duba ko kiran futex na ɗauke da FUTEX_CLOCK_REALTIME. Amma kar ka ce don ba ka ga clock_gettime a strace ba ai manhajar ba ta duba agogo, yawanci wannan kiran ba ya shiga kernel shi ya sa ba ya fitowa. Gaskiya a irin wannan halin gwajin mataki na 5 ya fi saurin ba ka amsa.

5. Haddasa matsalar da hannunka

Wannan matakin shi na fi so kuma shi aka fi tsallakewa. In ba ka iya sa matsalar ta faru sanda ka ga dama ba, ba za ka taɓa sanin ko ka gyara ta ba. A injin gwaji, na sake faɗa, injin gwaji:

sudo timedatectl set-ntp false

Tada manhajar, fara wani abu mai wa'adi, bari ya ɗan yi minti biyu, sai ka buga sudo date -s "+30 minutes" ka zuba ido. Sake tadawa, wannan karon sudo date -s "30 minutes ago". Rubuta abin da ka gani kowane karo. In ka gama ka mayar da set-ntp true.

Dalilin da ya sa nake nanata injin gwaji, jan agogo baya a kan sabar da ke da rumbun bayanai na iya hargitsa jerin ranakun da aka ajiye, ya rikita ajiyar kwafi, cron ya tsallake aiki ko ya maimaita. In ba ka da wani injin kwata-kwata, sa libfaketime, shi yana yi wa manhaja ɗaya ƙaryar lokaci ba tare da ya taɓa agogon injin ba, sai dai ka haɗa da --exclude-monotonic don ya bar agogon tsere yadda yake, in ba haka ba gwajin ba zai nuna maka gaskiya ba.

6. Gyara kod ɗin

Gyaran kansa ba shi da yawa. Duk inda ake auna tsawon lokaci, koma agogon tsere:

fara = time.monotonic()
while time.monotonic() - fara < 40*60:

time.monotonic() yana Python tun 3.3. A Java System.nanoTime(), a burauza performance.now(), a C# Stopwatch, a PHP hrtime() daga 7.3, a C++ steady_clock, a Android SystemClock.elapsedRealtime(). Masu pthread su sa pthread_condattr_setclock su zaɓi CLOCK_MONOTONIC. In kana son barcin injin ma ya shiga lissafi a Linux, CLOCK_BOOTTIME za ka ɗauka.

Kar ka ga kamar ƙananan masu kod kaɗai wannan ke kamawa. Ranar 1 ga Janairun 2017, bayan ƙarin daƙiƙar da aka yi wa agogon duniya a daren, wani kod na babban kamfanin intanet Cloudflare da aka rubuta da yaren Go ya ɗebe lokaci biyu ya samu amsa ƙasa da sifili, wani sashen DNS ɗinsu ya samu tangarɗa. Cikin wannan shekarar Go 1.9 ya fito da agogon tsere a cikin time.Now().

Toh amma ga inda masu sabon hannu ke zarcewa, su ji daɗin abin su canza komai. A'a. Lambar agogon tsere ba ta da ma'ana a wajen injin da ya ba ka ita, kuma da an kashe an kunna ta koma farko. Kar ka ajiye ta a rumbun bayanai, kar ka aika wa wata kwamfuta ka ce ta kwatanta. Ranar ƙarewar satifiket ɗin shafi, wa'adin tokin, lambar sirrin nan mai canzawa duk daƙiƙa 30, duk waɗannan agogon bango suke buƙata kuma sai ya zama daidai. Shigar Kerberos ma, wato tsarin tantance masu shiga netwok ɗin ofis, in tazara ta wuce minti 5 ƙi take.

Sai tambayar da mai cibiyar nan ya yi min, kuma tambaya ce mai kyau, "to in wuta ta ɗauke tsakiyar jarrabawa fa, Malam?" Abin da muka yi shi ne muka daina ajiye ƙarfe nawa za a tashi, muka koma ajiye daƙiƙu nawa suka rage wa kowane yaro. Sabar na rage su da agogon tsere tana rubutawa duk daƙiƙa 15. Wuta ta ɗauke, an tada janareta, yaro ya shiga ya tarar da mintocinsa inda ya bar su, ko agogon bango na cewa 2010 ne bai dame shi ba. Kuma ƙirgen a saba yake ba a kwamfutar yaro ba, don kar wani ya ja agogonsa baya ya ƙara wa kansa lokaci.

7. Gyara agogon kansa

Kashe injin, cire waya, buɗe, ciro batirin ka auna. Sabo yana ba da bolt 3 ko ɗan sama, in ya yi ƙasa sosai canza shi, ka shiga BIOS ka saita rana da lokaci. Raspberry Pi har zuwa na 4 ba su da agogon batir sam, sai ka saya masu ɗan allon DS3231, na 5 ne ya zo da nasa amma shi ma sai ka haɗa masa batir.

Ni chrony nake sa wa duk injin da ke yawan rasa sabis, ya fi haƙuri da irin netwok ɗinmu. Cikin chrony.conf ka tabbata akwai

makestep 1.0 3

ma'ana a yi tsalle in tazara ta wuce daƙiƙa 1, amma a gyara uku na farko kawai, bayan nan sai lallaɓawa. Wasu sukan cire layin gaba ɗaya wai don kar a taɓa yin tsalle, ban goyi bayan haka ba. Lallaɓawar chrony na iya kai daƙiƙa 1 cikin kowace 12, kuma lallaɓawa tana shafar agogon tsere shi ma, kenan in tazarar babba ce jarrabawar minti 40 za ta iya ƙaruwa ko raguwa da fiye da minti 3, awanni ana haka. Gara a yi tsallen sau ɗaya tun kafin manhaja ta tashi.

Don manhajar ta jira agogo ya daidaita kafin ta tashi, sa After=time-sync.target da Wants=time-sync.target a fayil ɗinta na systemd, ka kunna chrony-wait, ko systemd-time-wait-sync in timesyncd kake amfani da shi. Sai dai a nan akwai rami, na biyun nan in babu intanet jira zai yi ta yi ba iyaka, manhajarka ba za ta tashi ba ranar da sabis ya ɗauke. Mu da muka ga Satumbar 2021 a Zamfara, sanda aka rufe layukan waya makonni, mun san wannan ba labari ba ne. Shi ya sa na fi son in sa chronyc waitsync 30 a gaban manhajar, yana dubawa duk daƙiƙa 10 har sau 30, minti 5 kenan, in bai samu ba ka tsara ta tashi hakanan ta rubuta gargaɗi a log.

In wurin ba shi da intanet mai ɗorewa, zaɓi inji ɗaya mai sabon batir ya zama uban agogo. Sa masa local stratum 10 da allow 192.168.1.0/24, ko dai lambobin netwok ɗinku, sauran duk su riƙa tambayarsa. Ko ya kauce wa lokacin duniya da 'yan daƙiƙu, aƙalla kanku a haɗe yake. Mai hali ya ƙara masa ɗan GPS na USB da gpsd, shi ba ruwansa da sabis. Wajen zaɓen saba ta waje africa.pool.ntp.org ya wadatar, amma kar ka gauraya shi da time.google.com a fayil ɗaya, domin Google shafe ƙarin daƙiƙar nan take a hankali cikin awanni, sauran kuma ba haka suke yi ba.

Mai Windows da Linux a inji ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce timedatectl set-local-rtc 1, zai yi maka gargaɗi amma tunda ba ma canza agogo da rani ko damina a nan ba ya kawo matsala. A kan saba dai ni ba na yarda da tsarin biyu, ɗaya nake bari.

8. Sake gwajin, sannan ka bar mai gadi

Koma mataki na 5 ka maimaita shi sak, gaba da baya. Sai ka ƙara gwajin da ya fi kama da rayuwarmu, cire wayar modem, kashe injin daga soket, bar shi minti 20, kunna, fara aiki, sannan ka mayar da modem ana tsakiyar aikin. A cibiyar nan sau uku muka yi haka ni da yaron da ke kula da wurin, yana riƙe da wayarsa yana ƙirga minti 40 ni ina kallon allo, karo na uku ma cire batirin muka yi gaba ɗaya don mu ga ƙarshen abin, ƙirgen bai gusa ba.

Ɗan kod ɗin mataki na 2 kuma bar shi yana aiki aƙalla sati biyu yana zuba abin da ya gani a fayil. In ka dawo ka ga tsalle ɗaya kawai a farkon kowace kunnawa, lafiya. In ka ga yana fitowa tsakiyar rana, akwai mai taɓa agogon da ba ka gano ba tukuna, koma mataki na 3 ka fara da crontab.